Buhu Mai Riga Uku

A Farin Gada nake riƙe da makullin siton Alhaji Dalhatu.
Shekara goma sha ɗaya ina ƙirga buhunan taki,
ina gane nauyinsu daga nishin ɗan dako.

Da can buhun da suna ɗaya yake zuwa,
wasu haruffa kamar kujerun da aka kifar bayan biki.
Ni ban iya karanta su ba,
amma dankali ya iya, kabeji ma ya iya.
Jirgi ya taso daga ruwansu, ya sauke a namu,
tirela ta hawo dutse da shi tana tari,
shi ke nan.

Sai wata safiya rediyo ya ce
an sa wa ƙasar tasu takunkumi.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
A garinmu jaki ake sa wa,
don kada ya ci dawar mutane a hanyar kasuwa.
Ban san ana ɗinka shi daidai bakin ƙasa ba.

Wata biyar sito babu kowa,
daga ni sai ɓera sai sanyin Jos.

Ran da kaya suka dawo, da sabuwar riga suka zo:
tambarin wata ƙasa mai yashi da dogayen benaye,
wadda ban taɓa jin ta haƙa taki ba.
Na sa farce na ɗaga gefen takardar.
A ƙasanta akwai wata, ta wani tsibiri.
Na sake ɗagawa,
sai ga kujeruna a kife, suna kallona.
Na ce, sannu da hanya, tsohon aboki,
wa ya yi maka wannan ado?

Lado direba ya ce haka ya ji a bakin ruwa,
ban rantse a kai ba:
wai jirgi yakan kashe fitila a tsakiyar teku,
ya miƙa wa ɗan'uwansa kaya cikin dare
kamar maƙwabciya na miƙa garwashi ta kan katanga.
Kafin asuba takarda ta sake uba.
Tasha ta farko ta ci la'ada,
ta biyu ta ci kuɗin hatimi,
ta uku ta ci ladan kau da kai.
An ce hanyar lafiya a bi ta da shekara,
ba a faɗi wanda zai biya kuɗin man shekarar ba.

Ranar Laraba Ngo Kachollom ta zo daga Vom,
jar ƙasa har idon sawu.
Ta kwance haɓar zani a kan teburina,
ta jera kuɗin da bara ya ɗauki buhu huɗu.
Na ƙirga. Na sake ƙirgawa don kunya.
Buhu ɗaya, da tiya tara.

Ba ta yi ciniki ba.
Ta dai shafa takardar da yatsa, ta ce,
Malam Akawu, cikin ƙasashen nan uku
wacce ce muka yi wa laifi?

Na buɗe baki, na rufe.
Na auna mata tiya tara, na tula ta goma
a kan asusun da Alhaji ba ya dubawa.

Yanzu takardun nan nake tarawa a bayan littafin lissafi.
Ɗana Zubairu yana bin su da fensir a taswirar makaranta,
layin ya yi gabas, ya koma kudu, ya yi ƙugiya,
ya ce, Baba, wannan jirgin ya ɓata ne?
Na ce a'a, ya san hanya sarai.

Hadari ya haɗo ta wajen Naraguta.
Can a bakin titi Ngo tana jiran motar Vom,
ta cire mayafinta ta lulluɓe buhun,
ita ruwan yana dukanta.